Katsin Cindo da Rumfar Koɗawa

Ranar da launi ya gudu daga garin Tsamiyar Kwari ranar kasuwa ce, rana kuma ta take tsaka. Liman na tsaye wajen masu goro cikin baƙar rigarsa mai ƙyalli, sai ya ga mai goro ya saki baki yana kallonsa. Ya duba jikinsa, ya ga riga ta koma fara fat kamar yau aka sauko da ita daga masaƙa. Kafin ya ƙare salati kasuwa ta ruɗe. Rawunan fatake, zannuwan mata, har majanyin da aka goya jarirai da shi, duk abin da ya taɓa shiga rijiyar rinin 'ya'yan Cindo ya zama fari. Kayan da aka rina a wani wuri kuwa ko gezau.

Shi Cindo marini ne da sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, saboda rininsa ba ya koɗewa. Riga takan tsufa ta yage, baƙinta yana nan wuluk. Ya rasu ya bar 'ya'ya biyu maza, Shekarau da Tunau. Shekarau, babban, mutum ne mai sanyin hali, in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Tunau kuwa wuta ne, ba ya iya jiran tuwo ya huce balle baban rini ya nuna a rijiya. Ba su daɗe da cin gado ba ya ce ya gaji da tafiyar hawainiya, ya ware, ya haƙa tasa marinar a ƙofar yamma. Ran da zai tashi ya yi abin da kowane marini ke yi in zai tsaya da ƙafarsa, wato ya ɗebi katsin gida. Katsi shi ne abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, a kwashe, a busar, a ƙona, a tayar da sabon baba da shi. Da shi sabuwar rijiya ke gadon hannun tsohuwa.

Kasuwa ta buɗe wa Tunau. Ya yi ƙiba, ya yi baki, ya tara gemu baƙi siɗik yana shafa masa mai. Abin da ya fi jin daɗin faɗa a majalisa shi ne, shi ya tayar da kansa, babu wanda ya ɗora masa ko tsinke. Yakan kuma yi wa wansa dariya, domin duk shekara in bazara ta yi nisa, daidai lokacin da ciniki ya fi gudu, Shekarau yakan sallami masu kawo kaya, ya rufe ƙofa, ya duƙufa kan wani farin ƙyalle da ba a san mai shi ba.

Ba wai Tunau bai san dalili ba. Ubansu ya gaya musu cewa akwai yarjejeniya tsakaninsa da wasu aljanu da ake kira Koɗawa, waɗanda su ne ke yawo a duniya suna tsotse launin tufafin mutane. Sun yarda su ɗauke hannu daga rinin gidansa, shi kuma ya riƙa rina musu turmin ƙyalle duk shekara. Sai dai Tunau ya ɗauka wannan nauyin tsohuwar rijiya ne da wanda ya zauna a kanta. Shi da ya tashi, a ganinsa, ai ya tashi ke nan.

To, ran nan jama'a suka yi masa tsinke a marina, kowa da farar rigarsa a hannu, wannan ya ce mayaudari, wancan ya ce maci amana. Yana cikin rantse-rantse sai ga Ladingo, matar Shekarau, ta ratso mutane ko takalmi babu.

Ta ce, "Tunau, sun tafi da yayanka."

"Su wa?"

"Wani dogo ne ya fito daga tsohuwar rijiya, fari sol, ba shi da inuwa. Ya ce hadarin farko ya taso, ƙyalle na nan yadda aka kawo shi, don haka mai lamuni, wanda ya tsaya wa alkawari, ya taso. Ya kama wuyan hannunsa suka nutse. Ya ce in ruwan farko ya sauka ba a cika alkawari ba, yayanka ya zama nasu har abada."

Tunau ya ce, "To me ya hana shi rinawa? Ba aikinsa ke nan ba duk shekara?"

"Hannunsa ne. Tun bara yake rawa, jiƙaƙƙen ƙyalle ya fi ƙarfinsa. Na ce ya aika maka, ya ce in na buɗe baki bai yafe mini ba."

Tunau ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ga hadari ya fara leƙowa ta bayan tsauni. Haushi ya kama shi, da tsoro, da wani abu mai kama da kunya wanda bai tsaya ya bincika ba. Ya juya ga jama'a ya ce, "Ku ajiye hayaniya. Ko in dawo da Yaya da launinku, ko kada ku ƙara ganina." Ya cika buhu da katsi da curin shuni, ya rataya salkar ruwa, ya ɗauki muciyar da yake motsa baba da ita, ya nufi tsohuwar marina. Ya tsaya bakin rijiyar ubansa, ya yi bismilla, ya toshe hanci ya faɗa.

Ya yi ta nutsewa cikin baƙin ruwa har numfashi ya kusa ƙwace masa, can sai ya ji ya faɗo kan rairayi. Ya buɗe ido ya ga wata ƙasa wadda komai nata fari ne, itatuwa da duwatsu da tsuntsaye, har hankaka. Rana na tsaye cak a tsakiyar sama, ba ta gaba ba ta baya. Duk faɗin ƙasar babu inuwa sai tasa, ita ma ta maƙale ƙarƙashin ƙafarsa ta ƙi fitowa. Ya gyara buhu ya miƙa.

Bai yi nisa ba ya iske wani kogi mai ruwa kamar nono, da wata tsohuwa zaune cikin kwalekwale, gashinta ya zubo har cikin ruwa.

Ya ce, "Salamu alaikum, Iya."

Ta ce, "Alaika salamu, ya kai ɗan Adam mai launi. Ni ce Uwar Mashigi. Ba a haye kogina sai an bar mini launi guda, kuma abin da aka ba ni ba ya komawa ga mai shi."

Ya tuɓe jar hularsa ya miƙa mata. Ta girgiza kai ta ce, "Wannan ja aro ka yi ka ɗora a kai. Ba ni abin da yake na jikinka. Ba ni shuɗin hannuwanka."

Ya ce, "Wannan kam a'a, Iya. Da shi za a gane ɗan Cindo ne ya zo."

"To, ba ni baƙin gashinka."

Wayyo gemu! Tunau ya shafa shi sau ɗaya, shafar ban kwana, ya ce, "Ɗauki." Tsohuwa ta miƙa hannu ta share kansa da haɓarsa, ta lashe tafinta. Ya leƙa ruwa ya ga wani dattijo mai furfura yana kallonsa. Ya shiga kwalekwale.

A tsallaken kogin ya ratsa wani daji inda ƙaya ke bin mutum da gudu, ya kare kansa da muciya har ya fita. Ya bi ta wani kwari inda iska ke kiran sunansa da muryar uwarsa tana cewa ya koma gida, ya cusa audugar hularsa a kunne ya wuce. Daga nan sai ya faɗa cikin wata kasuwa cike da 'yan Adam irinsa, kowa da zare ɗaure a idon sawu, zaren ya miƙe ya ɓace can nesa. Ga magini riƙe da curin ƙasa, ga maɗinki da rigar da ba hannu, ga falke da jaki ba kaya. Duk wanda ya zo zama sai zare ya fizge shi ya miƙe. Ba abin da suke faɗa sai, "Gobe, gobe in Allah ya kai mu."

Wani aljani mai faɗin murmushi, haƙoransa sun fi ƙarfin bakinsa, ya tarye shi da almakashi rataye a wuya. Ya ce, "Maraba da baƙo mai daraja. Ni ne Dillalin Kasuwar Gobe. Waɗannan da kake gani kurwar mutanen da suka tafa hannu a kan alkawari ne suka juya baya. Jikinsu na can duniya yana yawo, amma ba su san abin da ke hana su barci mai daɗi ba. Kai ma, ya ɗan Cindo, dubi ƙafarka."

Tunau ya duba. Ga zare shuɗi ɗaure a idon sawunsa, ya miƙe ya nufi gaba.

Dillali ya rage murya ya ce, "Abin mai sauƙi ne. Kai ba ka nan aka ƙulla. Ka faɗa a gaban wannan kasuwa cewa ba abin da ya haɗa ka da gidan Cindo, in datse maka zaren nan, in shige maka gaba launi ya koma wa kayan marinarka. Tsohuwar marina ta mutu, gari ya zama naka kai kaɗai."

Kada a yi wa mai karatu ƙarya, ran Tunau ya biya. A zuci ya ga fatake sun yi layi daga ƙofar yamma har bakin kasuwa. Sai ya ce, "Yaya fa?"

"Mai lamuni na masu shi ne. Ai ka san haka."

Dillali ya riga ya duƙa ya buɗe almakashi. Tunau ya kai masa muciya a hannu, almakashi ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi. Ya ce, "Ban zo nan don in koma ni kaɗai ba." A daidai nan ya ji tsawa ta yi gunji daga can sama, nesa, daga duniyar da ya baro. Ya kama zaren ƙafarsa ya bi shi da sassarfa.

Zare ya kai shi Birnin Koɗawa. Tun daga nesa ya hango abin da ya sa shi tsayawa. An lulluɓe birnin da wata rumfa ta baƙin ƙyalle, turmi an ɗinke da turmi, ita kaɗai ce duhu a duk ƙasar. Da ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga kai, ya gane rinin ubansa, ya gane na wansa, yadda mutum ke gane muryar 'yan gidansu. A nan Koɗawa ke rayuwa, dogaye farare, suna fakewa daga ranarsu da ba ta faɗuwa. Launin da suke tsotsowa a duniya ba ya zama a hannunsu, sai wanda aka rina musu aka ba su da yardar rai. Rana kuma tana cinye tsohon ƙyalle a hankali, shi ya sa duk shekara sai an yi faci. A tsakiyar rumfar ga wata ɓula mai faɗi, rana ta zubo ta nan kamar tafasasshen mai. Gidajen da ke ƙasanta sun tsattsage, ana fito da yara fatarsu ta yi bororo. Tunau ya daɗe yana zaton ƙyallen nan wata tsohuwar al'ada ce ta banza. Yanzu ya ga abin da rashinsa ke yi.

Aka kai shi gaban Alƙalin Koɗawa, wani tsoho da ke zaune kan farin dutse, girarsa ta rufe idanunsa. A damansa ga dogon da ya je kamu, Wakilin Koɗawa. A hagunsa ga Shekarau zaune a ƙasa, ƙafafunsa sun riga sun koɗe zuwa gwiwa, sun zama fari kamar na masu garin. Ya dubi mai furfurar da ya shigo bai gane shi ba, sai da ya ga muciya.

Ya ce, "Tunau? Wa ya aike ka? Ina gemunka?"

Tunau ya ce, "Bari, Yaya, ma yi wannan a gida." Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo karɓar ɗan'uwana."

Alƙali ya ce, "Ya kai ɗan Adam, a nan ba a karɓa sai an cika. Shin ka san akwai alkawari a kanka?"

Tsohon halin ya motsa. Tunau ya ce, "A kaina? Ban ga ranar da aka ƙulla ba, ban tafa hannu ba, ban ci goron shaida ba. Marinata dabam, ta gida dabam."

"Mene ne cikin buhunka?"

"Katsi ne."

"Na ina?"

"Na marinata."

"Ita kuma da me aka tayar da ita?"

Tunau ya dubi buhun, ya tuna katsin gida da ya ɗiba. Alƙali ya ce, "Zuba kaɗan a ƙasa. Shi ne shaidarmu, kuma ba ya mantuwa."

Ya zuba. Wani shuɗin hayaƙi ya tashi, daga cikinsa murya ta fito, muryar Cindo sak, har da 'yar kakin da yake yi kafin magana. Ta ce, "Ni Cindo na ƙulla da Koɗawa, a kaina da kan duk marinar da aka tayar da katsina. Kowace marina turmi guda, baƙi wuluk, ran da hadarin farko ya taso. In an gaza, a riƙe mai lamuni har a cika. In ruwa ya sauka ba a cika ba, ya zama naku. Ku kuma kun ɗauke hannu daga rininmu, mun cika ko mun gaza, domin kayan da suka fita daga marina na mutane ne, su kuwa ba su ƙulla komai da ku ba." Sai wata murya ta biyo, ta saurayi, muryar Shekarau tun yana da ƙarfinsa, ta ce, "Na ji, na yarda, na tsaya wa gidanmu."

Hayaƙi ya baje. Alƙali ya ce, "Tun shekarar da ka haƙa rijiyarka, turmi biyu muke aikawa, turmi biyu ke dawowa. Wa kake tsammani yake rina naka?"

Tunau ya juya a hankali ya dubi wansa, ya dubi hannuwan nan masu rawa. Shekarau ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a bar wannan maganar. Yaro ne, yana ta ƙoƙarin kafa kansa, na ga bai kamata a ɗora masa ba."

Yaro, da furfura har ƙirji! Duk dariyar da Tunau ya yi a majalisa ta dawo masa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya so ƙasa ta tsage. Amma tsawa ta sake gunji, ta fi ɗazu kusa, babu lokacin kuka. Ya miƙe ya ce, "Na ci moriyar katsi, nauyinsa ma nawa ne. Na karɓa, zan rina turmi biyun da hannuna. Sai dai ni ma ina da ƙara."

"Faɗi."

"Shaida ya ce in mun gaza a riƙe mai lamuni, an riƙe. Ya ce kada a taɓa kayan mutane, an taɓa. Duk garinmu babu rigar da ta tsira. Shin alkawarin nan mu kaɗai ya ɗaure?"

Wakili ya zabura, idanunsa kamar garwashi, ya ce, "Ni na tsotse, kuma ban yi nadama ba! 'Yata ce kwance a ƙarƙashin ɓular can, fatarta na saɓulewa, su suna yawo da baƙaƙen riguna!"

Alƙali ya ɗaga girarsa da yatsa ya dube shi, ya ce, "Ya Wakili, zafin zuciyarka gaskiya ne, amma ba ya cikin abin da aka ƙulla. Igiyar da ta ɗaure su ita ta ɗaure mu. Ka mayar da launin kowace riga ga mai ita, yanzu. Sannan a tsakar gidanka da ke ƙarƙashin ɓula, ɗan Adam zai haƙa rijiyarsa, kai kuma ka tsaya ƙofa kada wani Bakoɗe ya matso ya ɓata masa baba."

Wakili ya ɗaga kai sama ya buɗe baki, wani baƙin abu kamar garken tsuntsaye ya yi ta fita yana hawa har ya ƙare. Sannan ya shige gaba, ba ya ko kallon Tunau.

Tunau ya haƙa rami, ya shafe shi da katsi, ya juye ruwan salkarsa, Wakili ya ƙaro masa daga kogi bisa umarnin Alƙali. Ya zuba shuni da sauran katsi, ya motsa da muciya. Saura jira, abin da Allah bai hore masa ba tun haihuwa. A ƙasar da rana ba ta faɗuwa ba a san kwana ba, sai tsawa da ke ta matsowa, da farin da ke hawa jikin Shekarau, daga gwiwa zuwa ƙugu. Da kumfa ta fara tasowa Tunau ya wawuri ƙyalle. Shekarau, da aka zaunar gefen rami, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ya ce, "Bai nuna ba."

"Yaya, dubi jikinka!"

"Na gani. Bai nuna ba."

Tunau ya ajiye ƙyalle ya zauna yana cizon leɓe har ya fashe. Sai da kumfa ta yi jaja-jaja, wari ya tashi irin na gida, Shekarau ya sake ɗanɗanawa ya ce, "Bismilla."

Tunau ya tsoma, ya murza, ya ɗago, ya matse, ya baza iska ta sha har kore ya juye shuɗi, ya sake tsomawa. A marinarsa yakan ɗan rage tsomi don sauri, katsi na rufa masa asiri. Yau babu wannan. Jiƙaƙƙen turmi nauyi gare shi kamar gawar jaki, kafaɗunsa suka ɗau wuta, kuma duk ɗagowa sai ya tuna wani ya yi wannan ninki biyu shekara da shekaru shi kaɗai. Turmin farko ya yi baƙi, Koɗawa suka karɓa da sanduna suka haura da shi. Rabin ɓula ya rufe.

Na biyu yana shuɗi mai duhu sa'ad da tsawa ta fashe a kansu, har rumfa ta girgiza. Fari ya kai wa Shekarau wuya, muryarsa ta koma kamar ta mai magana daga cikin tulu. Wakili ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Miƙo haka nan, ya ɗan Adam. Na karɓa. 'Yata tana ƙarƙashin rabin da ya saura."

Hannun Tunau ya yi kamar zai miƙa. Sai ya ɗaga ƙyallen sama, ya ga rana na ratso shi. Ya ce, "Wannan ba zai tare wa 'yarka komai ba, kuma Alƙali ba zai kira shi cikawa ba. Baƙi wuluk aka ce." Ya mayar cikin rami. Ya ɗago, ya baza, ya tsaya yana jiran iska ta gama aikinta, hawaye na bin furfurarsa, ƙamshin ruwan sama na sauko masa daga wata duniya. Bai taɓa yin jira mai wuya irin wannan ba, bai kuma gajarta shi ba. Ya sake tsomawa, ya sake. Da ya ɗaga na ƙarshe, rana ta nemi hanya ta rasa.

Koɗawa suka haura da shi a guje, suka ɗinke. Ɓula ta rufe, inuwa ta sauka kan unguwar, kukan yara ya tsaya. Allurar ƙarshe na fita, sai aka ji tip a saman rumfa, ɗigon ruwan farko ya ratso daga duniya ya faɗo kan sabon ƙyalle.

Alƙali ya ce, "An cika. Amma mai lamuni ba ya sauka sai wani ya hau."

Tunau ya ce, "Na ji, na yarda, na tsaya wa marina biyun. Ni zan rina, ni za a kama."

"An shaida. Ya Shekarau, an sallame ka."

Launi ya dawo wa Shekarau daga wuya har tafin ƙafa. Wakili da kansa ya kama hannuwansu ya kai su bakin wata rijiya, ya ce wa Tunau, ba tare da ya dube shi ba, "'Yata ta yi barci." Ya tura su ciki.

Suka ɓullo a tsohuwar marina ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya cika da sowa, kowa ya fito da baƙar rigarsa yana nuna wa maƙwabci. Ladingo ta sheƙo, ta tsaya turus tana duban mai furfura, ta ce, "Wannan kuma wane dattijo ka samo mana?" Shekarau ya yi dariya ya ce, "Gaishe shi, daga yau shi ne Yaya."

Sai da suka shiga zaure aka kawo ruwan wanke hannu, sannan Shekarau ya lura. Shuɗin da ya zauna a hannuwansa tun yana yaro, wanda sabulu da toka suka kasa, ya tafi tare da lamunin. Hannuwan sun fita tas har farce. Ya yi ta juya su yana kallo kamar na baƙo, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Tunau, ban san abin da zan yi da waɗannan ba."

Tunau ya durƙusa ya karɓi butar daga hannun Ladingo, ya zuba masa ruwa da kansa. Ya ce, "Ka huta da su, Yaya. Sun yi naka, sun yi nawa."

Da bazara ta zagayo ta yi nisa, wani babban falke ya sauka a ƙofar yamma da kaya niƙi-niƙi, ya iske marina a rufe. Ya yi magiya, ya yi barazanar kai kayansa wani gari, Tunau ya leƙo ya ce ya yi haƙuri, akwai waɗanda suka riga shi. 'Yan majalisa suka yi ta dariya, suna cewa ciwon wan ya kama ƙanen. Tunau ya ji su sarai. Ya mayar da ƙofa, ya koma inda farin turmi biyu ke jiransa, Shekarau na zaune bakin rijiya yana ɗanɗana baba yana cewa bai nuna ba tukuna.